Amsar da Na Soke da Jan Biro

Duk wanda ya san ni a Kazaure ya san bakina ba ya ajiye magana. Na taɓa tsayar da ɗan acaba a tsakiyar titi na wanke shi tas saboda ya watsa mini ruwan kwata, mutane suka taru suna ba ni haƙuri. A gidanmu ma idan ana so a faɗa wa wani gaskiya mai ɗaci ni ake turawa. To amma sau ɗaya a rayuwata da magana ta zama mini wajibi, bakin nan ya ƙi buɗuwa, kuma wata baiwar Allah ta rasa aikinta a dalilin haka.

Shekarata biyu da gama jami'a aka ɗauke ni koyar da kemistiri a wani shiri na karatun dogon hutu. Ɗalibanmu duk manya ne, malaman firamare da na ƙaramar sakandare daga Kazaure da Roni da Babura da Gwiwa, masu neman takardar shaidar malanta. Wata kwaleji ce can nesa take ba da takardar, mu kuwa aron ajujuwa muke yi a wata makaranta idan yara sun tafi hutun damina. Mazan sukan zo da laka a ƙafar wando, don daga gona suke. Doka ɗaya ce kowa ke tsoro: wanda ya faɗi darasi ɗaya sau uku an sallame shi daga shirin gaba ɗaya. Ga shi kuma an riga an sanar cewa za a tantance malamai, duk wanda ba shi da takardar zai bar aji.

Shugaban sashenmu wani dattijo ne da kowa ke kira Baba. Shi ya koya mini kemistiri a sakandare, shi ya je har gida ya roƙi mahaifina a bar ni na wuce jami'a, shi kuma ya kai sunana aka ba ni wannan aiki. A sahu ɗaya suke salla da mahaifina tun ban san kaina ba. Ko a makaranta sai na durƙusa nake gaishe shi, 'yan uwana malamai suna mini tsiya wai 'yar jami'a da ladabin ƙauye. Yana da wani littafin rubutu mai baƙin bango, an ɗinke bayansa da zare, a ciki duk darussansa suke. Daga ciki yake karanto wa ɗalibai suna kwafa, kalma bayan kalma, yadda shi ma ya kwafo daga nasa malamin. Shi ke ba da darasin aji, ni kuma nake kula da aikin gwaje-gwaje, duk da kayan gwajin namu ba su cika akwati ɗaya ba.

A cikin ɗaliban akwai wata mata daga Roni. Ta girme ni da fiye da shekara goma, don haka nake ce mata Yaya, ita kuma ba ta taɓa kirana da komai ba sai Malama. Shekara goma sha shida tana koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Mijinta manomi ne, ciwon baya ya kwantar da shi, 'ya'ya biyar, aikin nan nata shi ke riƙe da gidan. Ta ci duk darussanta, sai ɗaya da ya kayar da ita har sau biyu, wato darasin Baba. Wannan daminar ita ce damarta ta ƙarshe, kuma kowa a ajin ya sani. Ba ta da saurin ganewa, wannan kam ba zan ɓoye ba, amma idan abu ya shiga kanta ya zauna ke nan.

Bari in bayyana abin da ake tambaya, don ba shi da wuya. Akwai ƙarafa irin su kobal da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe, waɗanda ƙwayar zarrarsu ba ta zama ita kaɗai. Wasu ƙananan sinadarai sukan kewaye ta su riƙe ta, su ake kira ligan. Abin da ake so ɗalibi ya gano shi ne wuri nawa aka riƙe ƙarfen. Littafi na kiran wannan kodineshan namba, ni kuwa a aji adadin riƙo nake cewa. Idan an rubuta sinadarin, ƙarfen da masu riƙe da shi suna cikin baka mai kusurwa, duk abin da ke wajen baka ba a lissafa shi. Dokar Baba gajera ce: duba cikin baka, ƙirga ligan, ka gama. Amoniya shida a jikin kobal, amsa shida. Amoniya huɗu a jikin jan ƙarfe, amsa huɗu. Shekara talatin dokar nan ba ta ba shi kunya ba, domin amoniya da ruwa da kulorayid kowannensu wuri ɗaya yake riƙewa.

A shekarar nan sai kwalejin ta ƙara sababbin ligan guda biyu a manhaja. Ɗaya sunansa etilindayamin, ana taƙaita shi da haruffa biyu a ce en. Ɗayan okzalet. Waɗannan ba kamar amoniya ba ne. En yana da naitirojin biyu, ɗaya a kowane gefe, yakan lanƙwaso ya kama ƙarfen da dukansu. Okzalet ma haka, da oksijin biyu. Idan en uku suka kewaye kobal, wuri shida suka riƙe, ba uku ba.

Wata rana aka tsuge da ruwa, ƙarar kwano ta hana kowa jin kowa, muka dakatar da aiki. Yaya ta matso kusa da ni da littafinta ta ce in duba mata ko ta kwafa daidai. Rubutunta manya-manya, tsaf, irin na wadda ta saba rubutu a allo. Ina bi ina bi sai na ga kobal da en uku, a gabansa an rubuta uku. Ƙasa kaɗan baƙin ƙarfe da okzalet uku, shi ma uku. Raina ya ɓaci nan take. Na ce mata haba Yaya, ko kwafar ma sai an koya miki? Ta miƙa hannu ta karɓo littafin maƙwabciyarta, sannan na wani malami a bayanta. A kowanne uku aka rubuta. Nan na gane daga littafi mai baƙin bango abin ya fito.

Na ja ta muka koma bakin taga inda ake ɗan jin magana. Na tambaye ta ko ta taɓa sauke tukunyar biki daga murhu. Ta ce sau nawa kuwa. Na ce to mata uku ne suka zo saukewa, kowacce ta kama da hannu biyu, hannu nawa ke jikin tukunyar? Ta ce shida mana. Na ce to shi ake tambayarki, hannun da ke jikin ƙarfe, ba kan mutane ba. Ta tsaya tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo, can sai ta fashe da dariya har da rufe baki da gefen hijabi. Ta ce ashe tana ta haddace abin da take yi a gidan kowane suna.

Washegari ta zo da lemon tsami da ta soka wa tsinken tsintsiya shida, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, huɗu a kewaye, ta ɗaure su bibbiyu da zaren ɗinki. Ba ni na sa ta ba. Wallahi ko a jami'a ban ga wanda ya nuna abin nan da kyau kamar haka ba. Na ɗaga shi na nuna wa ajin, ina ta zuba bayani, na manta shaf cewa kowane mutum a wurin yana da uku rubuce a littafinsa.

Wani hedimasta daga Babura, mai wayon tsiya, shi ya fara ɗaga hannu. Ya ce bayanina ya fito fes, Allah ya ƙara basira, amma su dai wanda zai duba takarda shi suke bi. Ajin ya yi dariya, kowa ya gyaɗa kai. Haka aka saba tun muna yara: abin da malami ya ba ka shi za ka mayar masa ranar jarrabawa, ko da ka san akwai gyara. Na ce musu wannan ba karatu ba ne, aikin aku ne. Suka ƙara yin dariya, don sun san halina.

Bayan an tashi Yaya ta tsaya har kowa ya fita. Ta ce, "Malama, ke kin san halin da nake ciki. Wanne zan rubuta?"

Na ce, "Rubuta gaskiya. Shida ne. Ni zan yi wa Baba magana kafin jarrabawa."

Da ƙarfina na faɗa, har da buga tebur. Kuma a lokacin da nake faɗa da gaske nake.

Ranar Asabar bayan la'asar na ɗauki littafina na jami'a na ɓoye a ƙarƙashin mayafi na nufi gidan Baba, can gindin duwatsu. Na tarar da shi a zaure da wasu dattawa biyu abokansa. Na durƙusa na gaishe su. Ya tambayi idon mahaifina da ke ciwo, ya tambayi maigidana, ya sa aka kawo mini ruwa. Sannan ya juya ga abokansa ya ce su dube ni da kyau, wannan 'yarsa ce, shi ya fara ɗora mata kemistiri, yau ga ta sun zama abokan aiki, in ya mutu ya san ya bar baya. Dattawan suka yi ta sa mini albarka. To ta ina zan fara? In zaro littafi a gaban abokansa in ce Baba ka yi kuskure? Na shanye ruwana, na ce dama gaisuwa ce ta kawo ni. Littafin ya koma gida yadda ya fito.

Na sake gwadawa a ɗakin malamai. Ran nan tari ya matsa masa, yana jingine da bango idonsa a rufe, na ce a raina bari ya ji sauƙi tukuna. Wata rana kuma akwai mutane. Wata rana yana sauri. Kullum da dalilina. Kuma in faɗi gaskiya, ba kunya ce kaɗai ba. Ina tsoron a ce 'yar jami'a ta fara nuna wa tsoho mai tsohuwar takarda cewa ta fi shi, ina tsoron maganar ta kai kunnen mahaifina, ina tsoron Baba ya kalle ni da wani ido daban. Ni da ba na tsoron kowa a titi, ashe tsoro fal cikina.

Safiyar jarrabawa Yaya ta tare ni a ƙofar ɗakin, biro biyu a hannunta. Ta tambaye ni a hankali ko na yi wa Baba maganar. Na ce mata kar ta damu, ta shiga ta yi abin da ta sani. Ban ce eh ba, ban ce a'a ba, kuma na san sarai yadda za ta fassara shi. Ƙarya ce na yi mata, ko da wane suna zan kira ta.

Yadda muke duba takardu a shirin nan shi ne mu taru a aji ɗaya, mu biyar. Baba ya rubuta amsoshi a allo da alli, kowane malami ya ɗauki tambaya ɗaya ya bi ta a cikin dukkan takardun, mutum ɗaya kuma ya haɗa jimla a ƙarshe. Ba suna a takardun, lamba ce kawai. Aka raba, tambaya ta biyar ta faɗo kaina, ita ce ta adadin riƙo. Na ɗaga kai na dubi allo. Amoniya shida, shida. Amoniya huɗu, huɗu. En uku, uku. Okzalet uku, uku. Kowanne maki huɗu.

Na fara. Takarda ta farko uku, na ba ta maki. Ta biyu uku, na ba ta. Na wuce talatin ban ga mutum ɗaya da ya saɓa wa allo ba. Sai ga manyan haruffan nan da na sani. Ta rubuta shida. Ba ta tsaya nan ba, ta zana kobal a tsakiya da layuka shida, ta haɗa su bibbiyu, ta yi bayani a ƙasa cewa kowane en wuri biyu yake kamawa da naitirojin ɗinsa. Haka ta yi wa okzalet. A duk takardun nan babu amsa mai kyau kamar tata, kuma ita kaɗai ce daidai.

Na ajiye biro. Baba yana can gaba yana ɓare goro da farce, yana ba wani malami labarin yadda ruwa ya kwantar masa da dawa. Taku biyar ne tsakanina da shi. Na ce a raina in na yi magana yanzu a gaban mutum uku zan kunyata shi. Na ce kuma duk makin da na riga na bayar sai an ƙwace, wasu daga cikin talatin ɗin nan su ma za su faɗi, su ma da iyali. Na ce ai ta yi karatu sosai bana, sauran tambayoyin za su fitar da ita, maki takwas ba zai kashe ta ba. Duk waɗannan dalilai na jera su tsaf, kuma babu wanda na yarda da shi a cikinsu. Na ɗauki jan biro na soke shida na farko, na soke na biyu. Na danna har takardar ta ɗan huje.

Da yamma mai haɗa jimla ya riƙa karanto lamba da maki, Baba na cikewa a takardar sakamako. Ana bukatar arba'in. Da aka zo lambarta ya ce talatin da biyar. Na lissafa a kaina, da takwas ɗin nan arba'in da uku ke nan. Baba ya girgiza kai ya ce Allah sarki, ko wane ne wannan da kaɗan ya rasa. Ko a nan ma ƙofa a buɗe take, don bai sa hannu ba tukuna. Na zauna ina kallo ya sa hannu, aka zuba takardun a ambulan, aka liƙe, aka ba direban da zai kai kwalejin. Na koma gida na kasa cin tuwo, maigidana na tambaya na ce kaina ke ciwo.

Bayan girbi sakamako ya fito, aka sallame ta daga shirin. Zangon karatu na gaba aka yi tantancewar da ake ta faɗa. Ban nemi labarinta ba, gudunsa ma nake yi. A kasuwar Kazaure labarin ya same ni, a bakin hedimastan Babura, ina tsaye ina zaɓen albasa. Ya gaishe ni da fara'a, ya ce shi ya karɓi takardarsa, alhamdu lillahi. Sannan ya ce ai na ji an sallami malamar Roni daga aiki ko? Ya ce baiwar Allah, da ta bi tasu da yanzu tana aji. Na ji kamar in kwaɗa masa mari a tsakiyar kasuwar. Amma shi me ya yi? Ai ba shi ya riƙe jan biro ba.

Na bar albasar a nan. Na je gida na ɗauki littafin, ban ɓoye shi ba wannan karon, na hau adaidaita sahu har ƙofar gidan Baba. Shi kaɗai ne a zaure. Gaisuwar ma a gurguje na yi ta. Na buɗe shafin na ajiye a gabansa na ce ya duba. Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Ya jawo wata tsohuwar ambulan ya zana a bayanta, yana ƙirga layukan da ɗan yatsa, leɓensa na motsi. Sai ya ce shida ne. Ya tashi ya shiga cikin gida ya fito da littafi mai baƙin bango, ya nemo wurin, ya soke uku ya rubuta shida, ya soke ɗayan ma. Bai yi gardama ba, bai ɓata rai ba. Duka-duka abin bai kai minti biyar ba.

Ya ce Allah ya yi mini albarka, da ya mutu da wannan a wuyansa. Sannan ya tambaye ni yaushe na gano. Na ce tun kafin jarrabawa. Ya cire tabarau ya dube ni. Na ba shi labarin duka, har da alkawarin da na yi wa matar, har da sokewar, har da maganar kasuwa. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba.

Ya ce, "Ranar da kika zo nan kika sha ruwa, da littafin kika zo?"

Na ce da shi na zo.

"Me ya hana ki?"

Na ce, "Kunyarka, Baba."

Can ya ce, "'Yata, alli ne fa. Da tsumma ɗaya zan goge."

Na yi kuka a zauren nan kamar ƙaramar yarinya, bai rarrashe ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Duk watannin nan ina kare dattijon daga abin da shi bai ɗauke shi komai ba.

Ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan zan shaide shi ko a gaban Allah. Ya rubuta wasiƙa ya ce kuskuren nasa ne, bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya. Da shiru ya yi yawa ya hau mota da tarinsa ya tafi kwalejin, ya kwana biyu yana bin ofis-ofis. Aka ce masa majalisar jarrabawa ta riga ta zauna ta amince, lokacin ƙorafi ya wuce da watanni, kuma ɗalibi ne ke ƙorafi ba malami ba. Ya dawo ya faɗa mini a tsaye a ƙofar gidanmu, ko zama bai yi ba. Damina ta gaba bai dawo koyarwa ba. Muna gaisawa har ya bar duniya, amma bai ƙara ce wa kowa a dube ni da kyau ba.

Saura ita. Na yi sati uku ina ɗagawa, sannan wata Laraba da safe na hau motar Roni. A tasha na tambayi gidan malamar kimiyya, wani ɗan acaba ya ce wadda ta daina ko, ya kai ni har ƙofa. Tun daga soro na ji ƙamshin gyaɗa. Na yi sallama na shiga. Tana durƙushe a tsakar gida gaban turmi tana matsar tunkuza, mai na tsattsafowa, ga kaskon ƙuliƙuli a kan wuta. Ta rame, hannuwanta sun yi baƙi. Daga ɗaki ina jin mijinta yana nishi.

Da ta gan ni ta miƙe da sauri ta goge hannu a zani, ta shimfiɗa mini tabarma, ta russuna ta gaishe ni, ita da ta girme ni. Kafin in buɗe baki ta fara ba ni haƙuri. Ta ce ta ji kunyar zuwa wurina, bayan duk wahalar da na sha a kanta ta ba ni kunya. Ta ce ta yi ta tunani, ta tabbata ita ce ba ta fahimci bayanina ba, ko kuma ta rikice a sauran tambayoyin, dama kanta ba na kimiyya ba ne, shekara goma sha shida tana cutar 'ya'yan mutane. Ta ce har babbar 'yarta da ke son ajin kimiyya ta hana ta, ta ce mata ba jininsu ba ne.

Ban taɓa tsanar kaina kamar lokacin nan ba. Na ce ta dakata. Na faɗa mata amsarta daidai ce, ita kaɗai ce ta ci tambayar a duk ajin. Na faɗa mata ban yi wa Baba magana ba sai bayan komai ya lalace. Na faɗa mata makin da ta samu da wanda ya kamata ta samu, da tafiyar da Baba ya yi, da abin da aka ce masa.

Ta koma ta zauna a kan kujerar tsuguno. Ta ce, "To wa ya soke?"

Na ce, "Ni."

"Kin gane rubutuna?"

"Na gane."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo turmin ta ci gaba da matsa. Ƙuliƙulin da ke kasko ya fara ƙonewa, ta tashi ta kwashe, ta zuba wani. Ni ina zaune a tabarma ina jira. Na san abin da nake jira, kowa ya san abin da ake cewa a irin wannan wuri: ba komai, haka Allah ya tsara, na yafe. Na ji ana faɗa wa waɗanda suka yi abin da ya fi nawa muni. Na sauko daga tabarmar na durƙusa a ƙasa na ce Yaya, don girman Allah ki yafe mini.

Ba ta dube ni ba. Ta shiga madafa ta fito da kwalba, ta ɗauraye, ta cika ta da sabon mai, ta toshe bakin da leda, ta ƙulla ƙuliƙuli a wata ledar, ta ajiye su a gabana kamar yadda ake yi wa kowace baƙuwa. Na sake cewa ta yafe mini.

Ta ce, "Malama, rana na yi. Motar Kazaure ba ta jira."

Ta raka ni har bakin soro, ta ce in gaida mutanen gida, ta juya ta koma wurin kaskonta.